Inda Murya Ke da Amfani

Ka ce in gaya maka wurin tsayawa, Jabbi,
ran gudun yada-ƙanin-wani.
To, ja benci. Wannan tayar ta iya jira.

Kada ka je wurin tashi.
Can kowa gwani ne: riga ba gumi,
lamba fes a ƙirji, ƙafa na ƙaiƙayi.
Da an busa usur za su watso
kamar kifin da ya ga ɓula a koma,
tafinka kuwa ɗigon ruwa ne a gulbi.

Kada ka je filin wasa, inda ake ƙarewa.
Rumfa, kujerun roba, lasifika mai tari,
ga wayoyi sama sun tare maka gani.
Wanda ya kai can ai ya riga ya kai,
me zai yi da kai?

Badariya ba laifi in da yara ka fito.
Akwai inuwar dogon yaro, Ige na suyar masa,
ka ɗora ƙaramin a wuya ya yi ta karanta lambobi.
A Gesse kuwa daga bakin get suke ɗaga hannu,
a hankali, kamar masu korar ƙuda.

Amma in kana son muryarka ta yi aiki
ka zo nan, rumfata, hanyar Kalgo,
inda gidaje suka ƙare, kwalta ta miƙe
ba kwana, ba inuwa, ba mai kallo
sai ni da injin ba da iska.
Nan Birnin Kebbi ke mantawa da su.
Nan ƙafa ke fara gardama da mai ita.

Bara na ga Arzika,
wanda ke saɓa buhun shinkafa kamar matashin kai,
ya iso yana jan ƙafar hagu,
leɓe fari, ido ya faɗa.
Ya zube kan tsohuwar tayar can.
Ya ce, Nomau, na gama.

Ba ni da kalangu, ban iya kirari ba.
Na ɗauki sifana na rafka wa wili,
ƙarfe ya yi kuka har fadama ta amsa.
Na ce, ɗan Tumba, facin kekenka uku na biyo ka!
Tashi ka biya ni da gudu,
ko in bi ka da bashin har gaban uwarka!

Sai dariya ta ƙwace masa.
Dariyar ce ta ɗaga shi, ba ni ba.

Wata yarinya ta wuce, aka ce daga Filato take.
Ban san sunanta ba, ban san yarenta ba,
na kwarma mata lambarta, ɗari biyu da tara,
kamar sunan da aka yanka wa rago.
Ba ta waiwayo ba.
Amma na ga kafaɗarta ta miƙe.

Na ƙarshe kuwa bai iso ba sai da rana ta take,
an buɗe hanya, tirela na ta huci.
Wani dattijo, tsohon malamin lissafi,
yana tafe yana ƙirga taku a baki.
Na rufe rumfa, na bi gefensa da silifa
har sandar lantarki ta bakwai.
Can numfashina ya ƙare. Nasa bai ƙare ba.

Saboda haka, Jabbi, ka zo da ruwa mai sanyi,
kada ka tsallaka titi a gabansu,
kuma kada ka ƙarar da makogwaro kan na gaba.
Su iska ce ke kai su.
Ka rage wa na baya.

Miƙo mini sifanar can.
Gobe kai za ka riƙe ta, ni hannuna ya fara ciwo.