Bangon Falo

A Tudu, bayan tashar mota,
benen Baba Gariba ya gaji da tsayuwa.
Iskar teku ta cinye ƙusoshinsa,
gara ta tare a matakala da 'ya'ya da jikoki.

Na kira Ayikwe kafinta.
Ya ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa,
ya kasa kunne kamar mai sayen kankana.
"Wannan odum ne," in ji shi,
"ya girmi ubana, kuma shi zai binne ni.
Wancan kuwa, hura shi kawai."
Na hura. Ya zama gari.

Ran Talata muka hau kankare bangon falo.
Shuɗi ya fara zuba, na shekarar da aka yaye ni.
Ƙarƙashinsa kore,
zaɓin Gwaggo Lantana da ta dawo da haƙorin Makka.
Ƙarƙashin kore rawaya,
ƙarƙashin rawaya wani ja mai ihu
wanda har yau ba a sami mai amsa laifinsa ba.

Yaya Nuhu ya bugo daga Jamus:
a shimfiɗa tayil, a ɗaura silin roba,
tagogin katakon nan a ba masu tuyar kifi,
a sa gilashi mai zamewa.
"Ai kuɗina ne."
Gaskiya kuɗinsa ne.
Na ba shi kicin da banɗaki,
na hana shi tagogi.
Ayikwe ya ciro su ɗaya-ɗaya,
ya goge, ya shafa musu mai,
suka koma suna buɗe ido kamar tsohuwa ta sa kwalli.

Can ƙasa, inda fenti ya ƙare,
kan farar ƙasar farko,
wuƙar Seidu ta tsaya.
Ajami ne da fensir, ƙanana kamar sawun tururuwa:
huhu arba'in zuwa Ikko, jirgin Laraba.
Sai layi guda a gefe,
Mamman Wangara, fam uku da sule shida.
Duk sauran an ja musu layi.
Wannan ba a soke shi ba.

Shi ake bi, ko shi ke bi?
Bango bai faɗa ba.
Na tambayi Gwaggo, ta yi dariya har da tari,
ta ce mai goro ba ya mutuwa ba bashi.

Yanzu falon fari ne sol.
Labule ruwan ƙasa daga Makola,
kujerar Baba da sabuwar saƙa,
fitilar ƙwai a kan taga, ko da ba a kunna ta.
Seidu ya zagaye rubutun da buroshi,
ya bar wuri kamar faɗin faifai,
yana gunaguni wai aikinsa ya yi tabo.

Gobe zan shiga Nima
in tambayi ko Wangara ya bar baya.
Na ɗauko biro tun ɗazu
ina neman fam uku da sule shida a sidi,
lissafin ya ƙi fita.