Rabin Inci

Tagogi goma sha ɗaya aka ce in yi,
irin na da, kada in ƙara, kada in rage.
Injiniya Rakiya ta miƙo mini hoto
wanda ya girmi uwata,
ta ce, Malam Sallau, haka tashar take.

Na ciro tsohuwa guda daga bango,
ta ɗakin tikiti, mai duban layin Ƙaura.
Gara ta ci rabonta, ta bar mini ɓawo.
Fenti hawa huɗu na kankare:
kore, toka, wani koren, sai ja can ƙasa
kamar bakin mai cin goro.
Da na kai ga itacen, ashe maɗaci ne,
har yau garinsa da ɗaci a harshe.

A bayan katakon, inda ido ba ya zuwa,
wani ya ja lamba da fensir,
ya soke, ya sake ja.
Gefen hagu ya gaza na dama da rabin inci.
Na yi dariya. Ashe ku ma kuna kuskure,
ku da ake mana gori da aikinku.

A rumfata ta Sabon Gari
na yanka tawa sambal, kusurwa huɗu cif,
na goge ta har tana ɗaukar ido.
Muka turo ta a kura, ni da yarona Barau.
Ta ƙi shiga.
Muka juya ta, ta ƙi.
Barau ya ɗaga guduma, na riƙe masa hannu.

Bangon ne a karkace.
Mutumin ya gani, ya bi shi a haka.
Bai bar suna ba, sai rabin inci.

Na koma da ita, na sa zarto,
na cire abin da ya cire.

Abu ɗaya ya gagare ni.
Bakin tsohuwar ya lotsa a tsakiya,
gwiwar hannun masu jiran tikiti ce ta cinye shi:
fataken gyaɗa, soja mai komawa bariki,
tsohuwa da kuɗinta ƙulle a bakin zane.
Rakiya ta ce, ko a rarake da kurfi?
Na ce a'a, wannan ba aikin kafinta ba ne.

Jiya da la'asar na ɗaura sakata ta ƙarshe.
Babu jirgi, awaki ne a kan dogo.
Barau ya jingina da sabuwar tagar,
ya kafa gwiwar hannu a danyen katako,
yana kallon inda layin ya ɓace.
Na buɗe baki in yi masa tsawa,
sai na ci gaba da tsince ƙusoshina.