Mai Mirgina Tukunyar Iska

Ni ba likita ba ne.
Sunana Tanko, aikina mirgina tukunyar iska
daga bakin geti zuwa ɗaki na huɗu.
Taku ɗari da goma sha bakwai, na ƙirga.

Da annoba ta shigo Kano
titin Ƙofar Mata ya yi tsit
har kana jin fiffiken tattabara.
Babu a-daidaita-sahu. A ƙafa nake zuwa daga Gwammaja.

Tukunya shida gare mu, gado goma sha tara.
Sista Barira ce mai rabo,
da alli take rubutawa a bango:
wannan rabin awa, wancan awa guda.
Wata uku ban ga bakinta ba,
sai idanu, jajur kamar gauta.

Ranar Talata safar hannu ta ƙare.
Muka wanke ta jiya, muka shanya bayan kicin,
hannuwa arba'in suna lilo a igiya, babu masu su.
Wani tela a Fagge ya aiko da takunkumi buhu guda,
ɗinkin ragowar atamfa.
Sai ga babban likita da furanni a hanci.

Daren Alhamis aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari sau biyu, shi ma ya kwanta.
Isuhu makanike ya shige ƙarƙashinsa da tocila a baki.
A ciki Sista na matsa jakar iska
ga wani tsoho marini, shuɗi har gwiwar hannu.
Ta gaji ta miƙa wa ɗalibi,
ɗalibi ya gaji ya miƙo min.
Na matsa.
Ƙirjin bawan Allah yana tashi da tafina, yana sauka,
har aka kira assalatu.

Tsohon ya tashi. Na gefensa bai ga hantsi ba.
Ba mu samu yin kuka ba,
akwai mai jiran gadon a baranda.

A gida a zaure nake tuɓewa.
Uwani na leƙo ni ta labule,
an hana ta rugowa.

Yanzu fenti ya rufe allin Sista.
Sun ja bututu a bango, iska na zuwa da kanta.
Ni dai in na gifta ɗaki na huɗu
hannuna na dama yakan dunƙule,
ya buɗe,
ya dunƙule.