Inuwar Gada

Shekara talatin da huɗu ina yanka Mekong gida biyu,
safe in kai, yamma in dawo,
da buhunan shinkafa mai danƙo, da agwagi a kwando,
da mata masu kai saƙar siliki kasuwar tsallake,
da gawa sau bakwai, da amaren da ban ƙirga ba.
Ruwan ya san tafin hannuna,
ni kuma na san inda yake ƙarya.

Ƙasarmu ba ta da teku.
Abin da za mu sayar sai ya bi ta ƙofar gidan wani,
abin da za mu saya ya gaji kafin ya iso.
Gishiri ma da furfurarsa yake zuwa.

Wata shekara, bayan ruwa ya janye,
sai ga baƙi da hulunan kwano
suna leƙen ƙasa ta wani ido mai ƙafa uku.
Aka ce ƙasashen da ke shan kogin nan sun zauna,
sun zuba kuɗi a asusu guda,
wai mai ƙarfi ya tallabi mai rauni,
wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Na ce madalla. Ban tambayi jinkar wa ba.

Ni na riƙa ƙetarar da su.
Kampan, ina dutse yake kwance? In nuna.
Kampan, ina ruwa ke juyi? In nuna.
Suka biya ni, har da ƙari.
Ban taɓa jin wanda ya haƙa wa sana'arsa rami
ya kuma yi godiya ba, sai ni.

Ranar buɗewa an kafa tutoci biyar,
sufaye masu mayafi ruwan lemo suka yayyafa ruwa,
almakashi ya yi magana, aka tafa.
Ina ƙasa cikin kwalekwale
ina kallon cikin gadar, inda fenti bai kai ba.

Yanzu 'yata Saisamon tana loda ayaba da asuba,
kafin rana ta take ta riga ta ƙirga kuɗinta.
A da, rabi kan ruɓe a gaɓa yana jirana.
Ta yi rufin kwano. Ta sayi tabarau, wai nawa ne.

An ce rabin kuɗin kyauta, rabi bashi,
kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa,
har cikin jikana da bai san harafi ba tukuna.
Manyan motoci na shigowa da bokitan roba,
su fita da gungumen da suka girmi kakana.
Wannan ma na gani. Tabarau ɗin na aiki.

Amma akwai daren da zazzaɓi ya murɗe yaron,
kogi ya cika ya batse, ga duhu,
irin daren da Buwakam, uwar Saisamon,
ta kwanta a gaɓar nan tana jiran gari ya waye
don ba ni da zuciyar sa ta a ruwa.
Gari ya waye. Ita ba ta jira ba.
Wannan karon mota ta haye cikin minti tara.
Na ƙirga su, ina riƙe da ƙafarsa mai zafi.

Saboda haka kada ku tambaye ni ko na yafe wa gada.
Ban sani ba.
Kullum da hantsi nakan ɗaure kwalekwale a ƙafarta ta uku,
inda inuwa ta fi kauri.
Kifi ya koyi taruwa a wurin,
ni ma haka.
Sama tana ruri, ƙasa ina jefa ƙugiya,
wani lokaci in kama, in kai wa yaron.