Abin da Kifi Bai Faɗa Ba

Asuba a Jamestown. Ataa Kwei ya jawo taru,
ya ware min guda bakwai masu sauran motsi,
ya ƙi karɓar kuɗina.
"Tambaye su abin da ke damunsu," in ji shi,
"ni shekara arba'in ina tambaya, ba su tanka min."

Kifi ba ya kuka in an soka masa allura.
Can gindin wutsiya nake lalube,
jijiyar siririya kamar zaren ɗinkin hula.
Ɗigo ɗaya. Na shafa a gilashi,
na sunkuya kan madubin awo.

A littafi, ƙwayoyin jininsa
kamar ƙwan zabo suke, sumul,
kowace da ɗan ɗigonta a tsakiya.
Waɗannan kuwa,
wasu sun yamutse kamar goron da ya kwana a aljihu,
wasu sun fashe,
sauran sun yi ƙaranci
kamar sahun masallaci ranar ruwan sama.

Da la'asar takarda ta fito:
dalma, zaiba,
da wani mai sunan da harshe ke tuntuɓe a kansa.

Ba sai an zana min taswira ba.
Yayana Inusa ke ƙona wayoyi a bakin Odaw
don ya zaro tagulla.
Toka ta kwanta, damina ta kwashe,
Odaw ta miƙa wa Korle,
Korle ta tofa wa teku,
ita kuwa teku ba ta da wanda za ta tofa wa.
Da kuɗin tagullar nan
aka biya min zango uku na makaranta.

Ankara, yaushe za ki ankara?

Da dare a Nima, Mma Safura ta ajiye tire:
kenke, shito, soyayyen kifi har biyu
don ta ce na rame.
Inusa na tari a bakin ƙofa,
yana wanke baƙin hannunsa da omo.
Ta zare min ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya
kamar lokacin da nake 'yar shekara huɗu.
"Ci, babu saura."

Na dubi farin naman.
Akwai ƙayar da yatsa ba ya kamawa, Mma,
amma ban faɗa ba.
Na yi bismilla.

Gobe Ataa Kwei zai tare ni a bakin kwalekwale
ya ce, "To, me suka ce?"