Kwana Uku a Gidan Sabitu

Sabitu ya gina gida can bayan Ejisu,
ɗaki huɗu, katanga mai waya a ka,
ganyen ayaba yana leƙen taga.
Ya ce, "Baba, Alabar ta isa haka,
zo ka huta."
Na je. Na kwana uku.

Daren farko shiru ya hana ni barci.
Na kasa kunne ko wani zai yi tari,
sai kwaɗi, sai firji yana gurnani a falo,
sai agogon hannuna yana ƙirga mini sauran kwanana.
Shekara arba'in ina gyaran agogo,
ban taɓa jin tsoron muryarsa ba sai ranar.

Da safe maɓallin rigata ya tsinke, na nemi allura.
Aka ce sai an tada mota.
Mota, saboda allura!

A Alabar, tun ban gama hamma ba
Huwaila mai koko ta hango ni ta ƙetaren kwata,
ƙosai ya iso da zafinsa,
bashin da ba a rubutawa, ba a kuma mantawa.
Ladaninmu, muryarsa ta dushe tun bara,
amma har cikin bargona take shigowa ta ja ni.

Ɗakina ƙarami ne, na sani,
in na miƙe ƙafa sai ta gaisa da ƙofa.
To ai ƙofar ce dukiyar.
Taku kaɗan, ga Kejetiya ta buɗe baki:
goro, atamfa, kifi busasshe, batirin da nake nema,
motar Tamale tana kira, ta Bolga tana amsawa,
albasar Bawku ta sauka da labarin gida a buhunta.
In yi gaisuwa da Hausa, in yi ciniki da Tonanci,
a zage ni da Dagbanci, in yi dariya don na gane.

Ba na ɓoye aibinta.
In an yi ruwa kwata tana fadin abin da ke cikinta,
hayaƙi ya rina mini farar hula,
mai gida yana ƙara haya kamar yana ƙara gishiri,
sau biyu an yanke mini aljihu.

Amma daren da numfashin Lantana ya sarƙe,
ban kira kowa ba, ƙara ɗaya na yi.
Kwaku direba ya fito ba takalmi,
Raufu tela ya ɗauke ta kamar jaririya,
muka isa babban asibiti tun shayin da na bari bai huce ba.
Allah ya ƙara mata shekara shida.
Ranar da ya karɓi abarsa,
Maame Adwoa mai gwanjo ta rufe shago ran ciniki,
ta zauna a tabarmarmu tana kuka da harshenta.
Layin nan bai ɗauki mutanen ba.

Sabitu, katangarka doguwa ce, madalla.
In na faɗi a bayanta, wa zai ji?

Rana ta uku na naɗe sallayata,
na hau motar haya, aka matse ni har haƙarƙari,
na ce alhamdu lillahi, ga mutane.
Muna shiga gari jemagu suna tashi daga gidan zu,
sun rufe sama kamar an zazzage buhun gawayi.
Fusaina mai dako, da tasa a ka, ta yi mini tsawa:
"Baba, ina ka shiga?
Mutum uku sun zo, agogonsu ya tsaya!"

Allah ya albarkaci gidanka, ɗana,
ka ajiye mini ɗakin, zan riƙa zuwa da Salla.
Yau dai bari in buɗe akwatina,
in sa gilashi a ido.
Hayaniya ta yi yawa, ko agogona ba na ji.
Haka nake so.