Shafi na Ɗari da Sha Huɗu

Ƙarfe biyu na dare, ni ke gardi.
Ɗakin yara tsit, sai tarin gado na shida.
Na buɗe kwamfuta bisa teburin allura,
na danne takardu da kwalbar sirum.

Shekara ashirin da uku ina laluben jijiya
a hannun da bai kai kaurin karan gero ba.
Matan Kara-Kara tuni suke ce mini likita,
ma'aikata su ce Majo Tsahara.
Takarda ce dai ba ta ce komai ba tukuna.

Malamina na Yamai ya maido babi na uku
da jan biro, kamar an yanka zakara a kai:
"Wa ya faɗa? Ina madogara?"

Wa ya faɗa uwa ba ta kawo yaro awo
in ranar ta dace da zuwan ruwa a famfo?
Habsu ta Garin Malam ta faɗa, Malam,
tana kallon ƙasa, shatin igiyar jarka a tafinta.
Sai dai Habsu ba ta da shekarar bugu,
ba ta da lambar shafi.
Na maida ta ta tamanin da bakwai a jadawali,
sannan aka yarda da ita.

Filina na hanyar Mirya ya tafi kuɗin rajista.
Ɗiyata Barira ke gyara mini Faransanci,
tana dariya: yau ga uwa a gaban allo.

Ran Juma'a Inna tana ɓarar gujiya ta ce,
"In kin gama, fiɗa za ki riƙa yi?"
A'a, Inna.
"Albashi fa?"
Jaka kaɗan, in an tuna.
"To, dokta ta mene ne?"
Na ɗauki gujiya na taya ta.

Ban iya ce mata ba:
akwai wani ɗaki mai sanyi da doguwar tebur
inda ake yanke ranar awo,
kuma ba a jin mai farar riga a can
sai da harafi biyu gaban sunanta.
So nake in zauna, in ce Habsu,
a rubuta.

Ga wuta ta ɗauke.
Batir saura tara cikin ɗari,
jimlar ta tsaya a "saboda haka".
Gado na shida ya daina tari, ya koma numfashin da na sani.

Na rufe murfin.
Na sa tocila a baki.
Miƙo hannun, ɗan Laure,
kar ka ji tsoro, ni ce.